Tayar Babur a Kasuwar Gombe

Duk wanda ya zauna a rumfunan masu kayan babur na babbar kasuwar Gombe, ya saurari 'yan acaba suna ciniki, zai tarar galibinsu ba su da wata mas'ala face daɗewar taya, alhali kuwa robar da ta fi jinkirin cinyewa, saboda taurinta, ita ce ta fi saurin zamewa idan ruwan Agusta ya jiƙa kwalta, ko rairayi ya kwanta a kan kwana. A ra'ayina, mai Bajaj da ke jigilar mutane tsakanin Pantami da Tudun Wada, wajibi ne ya fifita riƙon ƙasa, musamman a tayar gaba wadda akalar babur take hannunta, domin rayukan da ya goya amana ce. Amma wanda sana'arsa ɗaukar buhunan masara ce a hanyar Dukku, yana da uzuri idan ya nemi mai tauri da zurfin zane a tayar baya. Sa'an nan a duba lambobi huɗun nan da akan buga a gefen taya, misali 2324, wato an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2024, gama roba tana tsufa ko da tana rataye a shago, balle a zafin Gombe.