Yawan Gam Ba Shi Ne Gyara Ba



Yau ina so mu tattauna a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu, wato lafta gam a jikin gasket duk sanda aka zo canza famfon ruwa na injin mota. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a ɓarnarta ta fi amfaninta yawa.

Wasunmu baƙi ne a Taraba, in Sallah ta zo sai mu kama hanyar Numan da Gombe zuwa gida. Wasunmu kuma 'yan kasuwa ne masu hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu da kaya. Ga zafin Maris da Afrilu. Injin da ruwa ba ya zagaya shi sosai ba zai kai labari a waɗannan hanyoyi ba.

Sabon famfo yakan zo da nasa gasket. In na zoben roba ne, ko na ƙarfe mai rufin roba, ba ya buƙatar gam ko kaɗan, hasali ma gam kan sa zoben ya zame daga gurbinsa. In na takarda ne, shafa ɗan siriri ya isa. Akwai kuma injinan da kamfani ya ƙera ba gasket, su ne gam ya zama dole a kansu, shi ma zare ɗaya siriri.

To me ke faruwa in an lafta? Da an ɗaure notuna sai gam ya matso ta waje da ta ciki. Na waje ana gani a goge. Na ciki kuwa sai ya bushe, ya gutsure, ya bi ruwa ya toshe ƙananan bututun lagireto. Mota ta fara tafasa a tsakiyar daji, in ba a yi sa'a ba gasket ɗin kan inji ya ƙone. Garin neman gira an rasa ido.

Amma laifin ba na makanikai kaɗai ba ne. Mu masu mota mu ke zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, tsatsa ta cinye fuskar ƙarfe, sai makanike ya nemi cike ramukan da gam. Mu ne kuma ke tsaya masa a ka muna sauri, alhali yawancin gam na silikon yana son kamar awa 24 kafin ya bushe sarai.

Shawarata: ka sa a kankare tsohon gasket tas, a ɗaure notuna a hankali ɗaya daura da ɗaya, a zuba ruwan sanyaya inji na kanti. In ruwa na ɗiga ta ƙaramin ramin da ke jikin famfo, famfon ne ya mutu, gam ba zai yi magani ba. Kada kuma a yi gyara ranar tafiya.

Allah Ya kai mu gida lafiya, amin.