Makomar Kwal a Sha'anin Lantarki

A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu, ya zama abincin jirgin ƙasa da injin lantarki na Oji. Da jirage suka koma shan dizal, aka kuma buɗe madatsar Kainji a 1968, sai kasuwarsa ta mutu. Ingila ma ta rufe injinta na ƙarshe a 2024, domin hayaƙinsa yana ɗumama duniya. Ƙasar Sin, mai ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya, ta yi alkawari a 2021 ba ta ƙara gina irinsa a ƙetare. To, masu son farfaɗo da shi a Nijeriya, wa zai ba su rance? Gara a tattala iskar gas da ake ƙonawa banza a rijiyoyin mai, masu injin niƙa da masaƙu su sami wuta.