Bakin iyakarmu ma yana da labari, mu ɗauke shi da kanmu



A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Lone Pine, wanda mazaunansa kimanin 2,000 ne kacal. Tun daga shekarar 1990, duk watan Oktoba garin yakan cika da baƙi saboda bikin fina-finan kaboyi, waɗannan na masu doki da malafa da bindiga. Dalili kuwa, a duwatsun bayan garin aka ɗauki ɗaruruwan irin waɗannan fina-finai. Fim ɗin kaboyi labarin bakin iyaka ne: makiyaya, fatake, ɓarayin shanu, da rigimar ƙasa da ruwa. Amurkawa sun mayar da shi abin alfahari, har ƙaramin gari yana cin abinci da shi.

To, mu fa? Mu ma a bakin iyaka muke. Daga ƙaramar hukumarmu ta Bagudo, wanda ya bi ta Tsamiya zai faɗa Segbana, wanda ya bi ta Lolo zai kama hanyar Malanbil, duk a Jamhuriyar Benin. Amma in aka ambaci yankinmu a rediyo, galibi maganar fasa-ƙwaurin shinkafa ce da man fetur, ko rashin tsaro, ko rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Wanda bai taɓa zuwa nan ba sai ya ɗauka ba mu da komai sai shingen kwastan.

Alhali kuwa layin iyakar nan ƙanen garuruwanmu ne. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar da ta raba ƙasar Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Tun kafin nan fataken goro masu zuwa Gwanja suke ratsa wannan ƙasa da jakunansu, suna ƙetare Kogin Kwara. Har yau akwai gidajen da kaka tana can, jika yana nan. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Dendi da Zabarmanci, ana lissafi da naira da sefa. Ashe wannan bai isa labari ba?

Ra'ayinmu shi ne makarantarmu ta ware rana ɗaya a shekara ta zama ranar majigi, a nuna gajerun fina-finan da ɗalibai suka ɗauka da kansu a kan rayuwar bakin iyaka.

Sai dai a kula, ba kwaikwayon kaboyi muke nufi ba. Da yawa daga cikin tsofaffin fina-finan nan sun nuna 'yan asalin ƙasar Amurka a matsayin mugaye, alhali su aka ƙwace wa ƙasa. Mai riƙe da kyamara shi ke zaɓen jarumi. Maƙwabcinmu na Nijar, marigayi Moustapha Alassane, ya gane haka tun 1966, lokacin da ya shirya fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. A ciki wani saurayi ya komo gida da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, wasa ya koma tashin hankali. Darasin a fili yake: kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da muke so a ɗauka yana ƙofar gidanmu. Tsohon da ya yi fatauci a ƙafa ya faɗi zangon da suke sauka. Mai kwalekwale ya nuna yadda yake karanta ruwa idan kogi ya kawo. Bafulatani ya bayyana yadda burtali yake a da, manomi kuma ya faɗi nasa ɓangaren. Mai sayar da gari a kasuwar Lolo ta ba da labarin watannin da aka rufe iyaka. Kowane fim kada ya wuce minti 5.

Mun san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Wasu iyaye suna ganin fim yana ɓata tarbiyya. Amsarmu ita ce malamai su duba kowane fim kafin a nuna, kuma kada a ɗauki kowa sai da izininsa. Wasu za su ce babu kuɗi. Wayar aro mai kyamara, da farin zane, da na'urar haska hoto ta haya, da janareto sun wadatar. Maganar tsaro kuwa, a yi da rana a cikin aji, a rufe tagogi. Masu tsoron karatu zai sha kashi, a sa ranar bayan jarrabawar zango na uku. Hasali ma, ɗalibin da ya tsara tambayoyi, ya yi hira da dattijo, ya rubuta fassara, ya yi darasin Tarihi da Hausa da Turanci a lokaci guda.

Kada mu raina ƙaramin farawa. Bikin kamun kifi na Argungu a jiharmu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ga shi a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ba zai jira mu ba shi ne tsofaffinmu. Duk wanda ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da abin da babu littafin da ya rubuta. Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malaman Tarihi da na Hausa su duba wannan shawara. Ku kuma 'yan'uwa, kafin fitowa ta gaba kowa ya kawo mana sunan dattijo ɗaya a unguwarsu da tambayoyi uku da zai yi masa.

Allah ya ba mu sa'a, amin.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta