Wa ke riƙe da asirin mai kai kuka ta salula?

A wani taron malaman sakandare da muka yi kwanan baya, wani abokin aikinmu ya miƙe ya ce tun da damuwa ta yi wa ɗalibanmu katutu, mu kuwa ba likitoci ba ne, mafita ita ce mu riƙa tura su wajen masu ba da shawara ta intanet: yaro ya buɗe salularsa, ya zayyana abin da ke cin ransa, wani daga nesa ya kwantar masa da hankali. Aka tafa masa. Ni ban tafa ba, kuma tun da ba a ba ni lokaci a zauren ba, ga dalilina a rubuce.

Ba na cikin masu cewa al'adarmu ta wadatar. Mun san matar da uwar mijinta ce ciwonta, da saurayin da ubansa ne fargabarsa; in ka ce musu su kai kuka gida, ka mayar da akuya wurin kura ke nan. Mun kuma san yadda mutane ke jin an ambaci Pavillon E na babban asibitin Yamai sai su ja da baya, kamar duk wanda ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ya haukace. Ganawa da ƙwararre ta waya na iya amfani, bincike ya nuna haka a kan damuwar da ba ta yi tsanani ba. Gardamata a kan abu guda take: idan mutum ya buɗe cikinsa ga na'ura, ina maganar take kwana?

Mu duba inda sana'ar ta fi ƙarfi. A Amurka akwai kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin mafi girma a wannan fage, wanda ya yi wa jama'a alkawarin rufa asiri. A 2023 hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta zarge shi da miƙa adireshin imel na mutane da amsoshin da suka bayar game da lafiyarsu ga Facebook, Snapchat, Pinterest da Criteo don a yi talla. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda ya biya dala miliyan 7.8 a raba wa waɗanda abin ya shafa. Ku lura, ba ɓarawo ne ya fasa ƙofa ba. Wanda aka ba amanar ne ake zargi, domin a kasuwar intanet sanin cewa wane ba ya barci haja ce mai tsada.

Na ɓarawon ma ya faru. A Finlan, a 2020 ne aka gano an sace bayanan marasa lafiya kusan 33,000 na kamfanin Vastaamo, har da abin da likitoci suka rubuta bayan kowace ganawa. Da kamfanin ya ƙi biyan fansa, sai ɓarawon ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman yuro 200, wajen jikka 131 na kuɗinmu, ko ya watsa asirinsu. Kamfanin ya durƙushe a 2021, kotu ta yanke wa mai laifin ɗaurin shekara 6 da wata 3 a 2024, amma abin da ya fita ya fita. Ƙasa ce mai doka da kotu da ƙwararrun kwamfuta. Mu ma muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, to amma yarinyar da ke Tasawa wace ƙofa za ta buga idan asirinta na ajiye a wata nahiya?

Kuma a gaskiya ba wajen irin waɗannan kamfanoni yaranmu ke zuwa ba, don ba su da katin banki. Wajen da suke zuwa ya fi muni: zaurukan WhatsApp na “gyaran aure”, da malaman TikTok, da hajiyoyin da shawararsu kullum ke ƙarewa da lambar da za a tura kuɗin kayan mata. Wata tsohuwar ɗalibata, da ta yi aure tana ajin ƙarshe, ta aika wa irin wannan mai shawara saƙon murya a kan abin da ke tsakaninta da mijinta. Aka saka shi a zaure “don sauran su ɗauki darasi”, an ɓoye suna, an manta cewa murya ba ta ɓuya. Kafin sati ya zagayo dangin miji sun ji. Ba ta sake zuwa lakwal ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi damuna a matsayina na mai koyar da Faransanci da Hausa. Takardar tambayoyi za ta ce ka auna damuwarka daga sifiri zuwa goma. Bahaushe kuwa yana rarrabe zullumi da fargaba, ƙunci da takaici, taraddadi da ɓacin rai, kuma sau da yawa ba ya ambaton ko ɗaya. Sai ya ce jikin ne ba daɗi, ko kansa ke sarawa. Macen da ta ce maka “muna dai haƙuri” ta gaya maka komai, in kana da kunne. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji magabata. To wace fuska ce a saƙon rubutu? Wanda bai san kishiya ba, bai san yaji da biko ba, bai san nauyin kunyar surukai ba, zai ce wa amarya ta shata wa uwar miji iyaka, alhali tukunyarsu ɗaya, zaurensu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi a shawarar abokin aikinmu shi ne sauƙinta. Tana sauke mana nauyi. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda bai jira manhaja ba: ya horar da tsofaffin mata na unguwa, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna sauraron mutane da harshen Shona, wanda ke kiran wannan ciwo “tunani ya yi yawa”. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun sami sauƙi ƙwarai. Horo aka yi musu, da sa ido na ƙwararru, da sanin ranar da ya wajaba a miƙa mutum ga likita.

Shin ba mu da gwaggwanni masu riƙe magana? Ba mu da malamai mata da ɗalibai suka riga suka yarda da su? Ƙungiyoyinmu na raya al'adu suna kashe wata guda suna shirya wasan kwaikwayo a kan auren dole, amma ban ga wadda ta nemi a horar da mutum biyu a kowace makaranta kan sauraro da rufin asiri ba. Wannan nake so a saka a ajandar taro mai zuwa. In kuma wani ya nace sai ya ba ɗalibi lambar mai shawara, to ya fara gaya mana sunansa, da takardar shaidar karatunsa, da inda yake ajiye muryoyin ƴaƴan mutane.