Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Malaman Ilimin Kasuwanci

Ya ku malamai,

Na rubuto ne kan muhawarar da kuke yawan yi a tsakaninku: shin ɗaliban da suka cika azuzuwan akanta, aikin banki da gudanar da kasuwanci, son kuɗi ne ya kawo su ko son yi wa jama'a hidima? A ganina, neman na kai ne ya kawo mafi yawansu, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Yaron da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya tura shi Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ba mai ganin laifinsa don ya so albashi mai tsoka. Abin da ke hannunku shi ne hanyar da zai koya ta samun kuɗin.

A 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a mujallar New York Times cewa aikin kamfani shi ne ƙara riba. Amma ya gindaya sharaɗi: a bi ƙa'ida, ban da yaudara, ban da zamba. Sau da yawa ɗalibi kan fita da rabin farko, ya bar sharaɗin a aji.

An ga sakamakon haka. Bayan rikicin kuɗi na 2008, wasu ɗaliban makarantar kasuwanci ta Harvard a Amurka sun tsara wa kansu rantsuwa a 2009, irin ta likitoci, cewa ba za su fifita aljihunsu a kan jama'a ba. A watan Agustan shekarar, Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Ba rashin ilimi ne ya durƙusar da bankunan ba. Masu digiri ne suka rabar da rancen da bai dawo ba, suka jefa ajiyar mutane a kasuwar hannun jari. Rantsuwar ranar yaye ɗalibai ba ta warware abin da aka shekara ana cusa musu.

Don haka ga shawarata. Kada ku ware riƙon amana a kwas ɗaya na ƙarshen zango, wanda ake haddacewa don jarrabawa kawai. Ku sa shi cikin darasin lissafin kansa. In kuna koyar da rahoton kuɗi, ku nuna musu inda ake ɓoye bashin da ya lalace, sannan ku tambaye su wa zai yi asara ranar da asiri ya tonu.

Ku kuma kai su kasuwa. A Kantin Kwari ana ɗaukar kaya masu yawa bashi bisa yarda, mai kaya ya san wanda ya ba, shi kuma ya san in ya saɓa alkawari sau ɗaya ƙofofi sun rufe masa. A Dawanau za su ga bambancin mai ajiye hatsi don ya wadata kasuwa da bazara da mai ɓoye shi don farashi ya tashi. Duka biyun riba suke nema, amma ɗaya ne kaɗai ake yi wa addu'a. Ɗalibin da ya gane wannan ya daina ganin riba da hidima a matsayin kishiyoyi.

Na ƙarshe ya shafe ku kai tsaye. Malamin da ke tilasta sayen takardunsa kafin a ci jarrabawa, ko yake sayar da maki, ya riga ya koyar da darasin kasuwanci, kuma shi ɗalibai za su riƙe, su yi aiki da shi ranar da aka danƙa musu kuɗin mutane.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a harkar ilimi