Abin da tsohon shirin Casey Kasem ke bayarwa wanda Spotify ba ta iya bayarwa

Duk ƙarshen mako, akwai gidajen rediyo a Amurka da ke saka shirin da aka naɗa shekara 40 ko 50 da suka wuce, kuma mutane na zama su saurare shi har ƙarshe. Sunan shirin American Top 40, mai gabatar da shi Casey Kasem, wanda ya rasu a watan Yunin 2014. Kamfanin Premiere Networks ne ke raba wa gidajen rediyo tsofaffin shirye-shiryen, kashi ɗaya na shekarun 1970, ɗaya na shekarun 1980, sannan manhajar iHeartRadio tana da tashar da ba ta saka komai dare da rana sai su. Waƙoƙin da ke ciki kusan duk suna YouTube da Spotify, ana samun kowace cikin daƙiƙa biyar. Duk da haka mutum zai ba da awa uku yana jiran a zo kan waƙa ta ɗaya, wadda Google zai faɗa masa nan take. Masu yin haka ba ɓata lokaci suke yi ba, kuma matashin da ya taso da waya a hannu zai ƙaru idan ya gane abin da suke nema.

Shirin ya fara ne a ƙarshen makon 4 ga Yulin 1970, a gidajen rediyo bakwai kacal. Tsarinsa ba shi da wuya: a ɗauko waƙoƙi 40 da ke saman jadawalin mujallar Billboard na wannan makon, a fara daga ta 40, a riƙa saukowa har ta ɗaya. Da farko awa uku ne, a 1978 aka mayar da shi awa huɗu. Kasem, ɗan asalin Lebanon da aka haifa a Detroit a 1932, shi ne kuma muryar Shaggy a katun ɗin Scooby-Doo. Ya riƙe shirin har 1988, ya dawo a 1998, sannan ya miƙa wa Ryan Seacrest a farkon 2004. A wancan zamani babu intanet da za a tura shirin ta ciki. A kan faifan garmaho ake buga shi, a aika wa kowane gidan rediyo nasa, kowane mako.

Abu na farko da mai sauraro ke samu shi ne mako guda na tarihi yadda yake, ba a tace masa ba. Idan mutum ya buɗe jerin waƙoƙin shekarun 1980 a Spotify ko Boomplay, abin da zai ji shi ne waɗanda suka tsira: Michael Jackson, Madonna, Whitney Houston, Prince. An zaɓo su ne bayan shekaru, da idon yau. Shirin Kasem na wani mako a 1983 kuwa yana ɗauke da waƙa ta 38 da ta leƙo jadawali ta yi sati biyu ta ɓace, da mawaƙin da ya yi tashe sau ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa ba, da waƙar da yau za a ji ta a yi dariya. Duk suna nan a gurbin da suka samu a wancan makon. Masoya shirin sukan fi murna da awar farko saboda haka, domin a can ƙasan jadawali ake tsintar waƙoƙin da sauran gidajen rediyo suka daina sakawa tuntuni.

Wanda ya san yadda ake rubuta manhaja zai ga dalilin da ya sa waya ba ta kawo irin waɗannan. Tsarin da ke ba da shawarar waƙa, wato algoridim, yana duba abin da mutum ya saurara, da abin da ya tsallake, da abin da masu irin ɗabi'arsa suka saurara, sai ya kawo masa mai kama da shi. Discover Weekly na Spotify, wanda aka fara a 2015, yana haɗa wa kowa waƙoƙi 30 duk ranar Litinin a kan wannan hanya. Yana aiki sosai, shi ya sa mutum ke daɗewa a kan manhajar. Amma waƙar da babu mai saurarenta ba ta da bayanan da za su sa a kawo ta, kuma wadda ba a kawo ba babu mai saurarenta. Haka take nutsewa. Sannan mai son waƙoƙin soyayya zai yi ta samun waƙoƙin soyayya har ya manta akwai wasu. A jadawalin Billboard na shekarun 1970 kuwa, waƙar disko na iya biyo bayan ta ƙauyawan Amurka, ta rok ta biyo baya, kuma mai rediyo ba shi da maɓallin tsallakewa. Ko ya jure ko ya kashe. Da yawa sun jure, a haka suka san kiɗan da ba za su taɓa nema da kansu ba.

Abu na biyu shi ne tarayya. Jerin da Spotify ta haɗa wa mutum nasa ne shi kaɗai, ko ƙaninsa da suke ɗaki ɗaya ba irinsa yake gani ba. Jadawali kuwa ɗaya ne ga kowa. Miliyoyin mutane sun ji waƙa ɗaya ta hau ta ɗaya a mako ɗaya, suka yi musu a kai ranar Litinin a makaranta. Har yau wannan bai mutu ba, domin masu bin maimaicin suna sauraron shirin mako ɗaya a ƙarshen mako ɗaya, suna cacar baki kan waƙar da ta cancanci hawa da wadda aka yi wa alfarma. TikTok na iya sa waƙa ta cika gari, amma ba ta da ranar da kowa zai zauna ya ji sakamako tare.

Abu na uku shi ne muryar mutum. Kasem yakan jefa ɗan labari kafin a tafi talla, ya ce bayan an dawo za a ji wane mawaƙi ne abin ya faru da shi, sai mai sauraro ya kasa tashi. Daga 1978 ya ƙara wani sashe inda yake karanta wasiƙar mai sauraro da ke son a sadaukar da waƙa ga wani na nesa, masoyi ko uwa ko abokin da aka rabu. Duk wanda ya taso a gidan da ake kama Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna ya san wannan daɗin: a karanta sunan mutum da garinsu da waɗanda yake gaisarwa, duniya na ji. Wasiƙar da aka rubuta a 1981 tana taɓa zuciya yau don mutum ne ya rubuta, mutum ya karanta. Spotify ma ta gane haka, shi ya sa a 2023 ta fito da muryar ƙirƙirarriyar basira mai yin magana tsakanin waƙoƙi. Sai dai wannan muryar da mutum ɗaya take magana, kuma kan abin da ya riga ya so.

Akwai masu cewa duk wannan kewar ƙuruciya ce kawai, dattawa ne ke neman zamanin da gwiwarsu ba ta ciwo. Akwai gaskiya a ciki, kuma gidajen rediyon sun san wa suke sayar wa talla. Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi: jadawalin kansa ba tsarkakakke ba ne. Kafin ƙarshen 1991, Billboard tana dogara ne da rahoton da shagunan faifai da gidajen rediyo ke ba ta da bakinsu, kuma rahoton baki yana iya karkata wajen wanda ya fi matsa lamba. Sai a lokacin aka koma ƙidaya ta na'ura, SoundScan na ƙirga abin da aka saya, wani tsarin na ƙirga abin da aka saka a rediyo. Don haka wanda ya ɗauki tsohon jadawali a matsayin ainihin zaɓin jama'a ya yi kuskure. Amma ko da aibinsa, a fili yake. An buga shi a mujalla, kowa na iya dubawa ya ƙalubalance shi bayan shekara 50. Jerin da algoridim ya haɗa wa mutum makon jiya ya riga ya sauya, babu wanda zai iya komawa ya ga abin da aka nuna wa wa, ko don me.

A nan darasin ya shafi mai waya kai tsaye. Ana iya maimaita American Top 40 yau ne saboda an adana faya-fayan da kaset-kaset ɗin, aka mayar da su fayil na kwamfuta, aka gyara sautinsu. A Ingila, BBC ta goge mafi yawan shirye-shiryen talabijin na Top of the Pops na shekarun 1960 domin a sake amfani da kaset ɗin, kuma abin da aka goge ya tafi ke nan. Kaset ba ya jure zafi da laima, ƙura ma na cin sa. Duk gidan da ke da kwalin kaset ɗin da baba ya naɗa daga rediyo yana riƙe da abin da ƙila babu kwafinsa a ko'ina. Mayar da shi fayil ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: rikoda mai aiki, wayar sauti, kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. A ajiye shi a WAV ko FLAC, a fitar da MP3 don turawa, a rubuta kwanan wata da sunan tasha a jikin fayil ɗin, a ajiye kwafi a wuri biyu. Kada a yanke gaisuwa da sanarwa da surutun mai gabatarwa a bar waƙa kawai, domin waƙar ana iya samunta a wani wuri, sauran ne ba a samu.

Mai son gwada shirin Kasem ya sani cewa iHeartRadio ba ta buɗewa a kowace ƙasa, kuma wasu tashoshin Amurka suna toshe masu saurare daga waje. Idan an samu mai buɗewa, lissafin data mai sauƙi ne: sauti mai ƙarfin 128kbps yana cin kusan 58MB a awa, wato kusan 170MB a shirin awa uku. Ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 2 ne na rana a Kano lokacin bazararsu, ƙarfe 3 lokacin sanyinsu. Sharaɗin jin daɗinsa ɗaya ne: kada a leƙa Google a ga waƙar da ta zo ta ɗaya, a jira a ji ta a inda mutanen wancan makon suka ji ta.