Ɗan ƙwaya da ya tuba, wa zai karɓe shi?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, mutanen Jazira suke ta komawa gida. Mu ma a Kamlin da ƙauyukan Hausawa na bakin Nilu muna lissafin abin da yaƙi ya ci: gidaje, gonaki, dabbobi. Amma akwai asarar da ake jin kunyar faɗa, wato samarin da suka dawo da tiramadol a aljihu. Wani ya fara sha saboda raɗaɗin rauni, wani don ya jure aikin gona, wani don ya manta abin da idonsa ya gani.

Haramcin sha don maye ba abin jayayya ba ne. Tambayar ita ce: idan yaro ya ce ya tuba, me za mu yi masa?

Mu fara sanin cutar. Tiramadol ɗan gida ɗaya ne da kodin. Likita ba ya wuce miligiram 400 a rana, alhali ƙwaya ɗaya ta fasa-ƙwauri takan kai 225. Idan jiki ya saba sannan aka yanke farat ɗaya, sai gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, har kusan mako guda. Wannan ba raunin imani ba ne, jiki ne yake neman abin da aka saba masa. Shi ya sa likitoci suke ragewa sannu a hankali. Kuma wanda ya daina ya fi kowa shiga haɗari: in ya koma kan adadinsa na da, numfashinsa yana iya tsayawa.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun riga mu ɗanɗana wannan. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 masu shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shekarar aka hana maganin tari mai kodin. Iyaye da yawa suka kai 'ya'yansu gidajen mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa. Mari yana tsare ƙafa, ba ya cire ƙwaya daga zuciya.

Sunna ta nuna mana wata hanya. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga jama'a ba. A nan Sudan ma, Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman yake ɗauke da sunansa, ya shahara da aiki tare da shehunnai maimakon gaba da su.

Don haka muna kira ga limamanmu: ku yi addu'a da nasiha, sannan ku tura wurin likita. Masu hali su sani cewa jinyar matalauci tana shiga cikin zakka. Iyaye su daina ɓoyewa, domin mai ɓoye ciwo ba ya samun magani. A ba wanda ya daina gona ko sana'a, a ba shi wuri a sahu, a daina kiransa da tsohon suna. In ya zame, a sake kama hannunsa. Tsananin a ajiye shi ga dillalan da suke cin riba da rayukan 'ya'yanmu.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.